Gasar Hawa Uku da Mahayan da Ke Barin Gida Neman Horo: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da wayar hannu ta fara kawo mana bidiyon Turawa suna tsallake gungumen itace a kan doki suna dira cikin ruwa, tambaya ba ta ƙare ba a majalisun masu doki, daga ƙauyukan Ringim da Taura har zuwa Gezawa da Minjibir. Samari ne suka fi tambaya, amma dattawan barga ma suna da tasu. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, yadda masu su suka yi su.

Malam, wai wace irin gasa ce wannan? Sukuwa ce ko kilisa?

Ba ko ɗaya. A wajen masu ita sunanta ibentin, mu kuwa za mu kira ta gasar hawa uku, domin doki ɗaya da mahayi ɗaya ne suke yin jarrabawa uku a jere, ba a canja doki, ba a canja mahayi.

Na farko hawan ladabi ne. Ana shiga fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, doki ya yi tafiya, ya yi sassaka, ya yi ƙaramar sukuwa, ya karkata, ya ja da baya, duk a wuraren da aka tsara, alƙalai suna zaune suna ba da maki. Abin da suke dubawa shi ne doki yana bin umarni cikin natsuwa, ba tare da mai kallo ya ga lokacin da aka umarce shi ba.

Na biyu hawan daji, shi ne wanda kuke gani a waya. Na uku tsallen sanduna a cikin fili, a rana ta ƙarshe, lokacin da gajiyar jiya ba ta saki doki ba. Sandunan a ɗore suke, kofato na taɓa su sai su faɗo.

Asalinta daga soja ne. Dokin hafsa dole ya natsu a fareti, ya ratsa daji da saƙo, washegari kuma ya tashi da sauran ƙarfinsa. Ta shiga wasannin Olamfik a 1912 a birnin Stockholm, kuma a lokacin hafsoshi kaɗai ake bari su shiga. Hukumar da ke kula da ita a duniya ita ce FEI, wadda aka kafa a 1921, hedikwatarta tana Lausanne a ƙasar Suwizalan.

Yaya ake gane wanda ya ci?

Wanda ya fi ƙarancin makin laifi. A hawan ladabi, in alƙalai suka ba ka kashi 70 cikin 100, ka tashi da laifi 30, da shi za ka shiga daji. Can kuwa in doki ya turje a gaban shinge an ƙara maka 20. Kowace daƙiƙa da ka ƙara kan lokacin da aka yanka, 0.4. Ka faɗo daga kan doki, an fitar da kai ke nan, ko da ba ka ji ciwo ba. A ranar ƙarshe kowace sanda da ta faɗo laifi 4 ce. Michael Jung na Jamus ya ci zinaren Olamfik a Paris a 2024 da laifi 21.8 kacal, kuma shi ne karo na uku da ya ci na mutum ɗaya, ba na tawaga ba, bayan 2012 da 2016.

Akwai wani abu da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba. Kafin a fara, da kuma safiyar ranar ƙarshe, ana jawo kowane doki a ƙasa ba sirdi, a sa shi sassaka a kan hanya mai tauri a gaban alƙalai da likitan dabbobi. In ya ɗingisa, an gama da kai, ko da kai ne kan gaba.

Shi hawan dajin, mene ne girmansa a zahiri?

Gasar ƙasa da ƙasa hawa-hawa ce, daga tauraro ɗaya zuwa tauraro biyar. A ta tauraro biyar tsawon hanya ya kai kilomita 6 da ɗoriya, ana son doki ya riƙa cin mita 570 a minti ɗaya, wato kusan kilomita 34 a awa, har tsawon minti 11 zuwa 12, yana yin tsalle 40 zuwa 45. Shinge mai tauri tsayinsa mita 1.20. A baki ba ya da yawa, amma ku auna shi a jikin katanga, sannan ku tuna wani yana da faɗin da ya kusa mita 2, wani a bakin gangare yake, wani kuma doki ba ya ganin inda zai sauka sai ya tashi sama. Jar tuta a dama, fara a hagu, tsakaninsu za ka bi.

Mahayi yana zaga hanyar da ƙafa sau da yawa kafin ranar, yana ƙirga taku tsakanin shinge da shinge. Doki kuwa bai taɓa ganinta ba. Duk abin da zai yi a kan yarda da mahayinsa yake yi, kuma wannan yardar ce ake kwashe shekaru ana ginawa. Dokar FEI ba ta barin doki ya shiga tauraro biyar sai ya shekara 8, yawancin masu cinyewa ma sun haura 10.

Manyan gasannin tauraro biyar ba su da yawa: Badminton da Burghley a Ingila, Kentucky a Amurka, Luhmühlen a Jamus, Pau a Faransa, Adelaide a Ostareliya, sai Maryland a Amurka da ta shigo a 2021. Badminton ce babbar yaya, tun 1949 ake yin ta.

To me ya sa mahaya suke barin ƙasarsu? Ba dawaki a can ne?

Akwai dawaki, wasu ma sun fi na Turai. Abin da babu shi ne tsani. Ba a tsallen hawa a wannan wasa. Kafin a bar ka shiga tauraro huɗu, sai kai da dokinka kun kawo sakamako mai kyau a tauraro uku, haka har sama. Sakamakon kuma sai a gasar da FEI ta amince da ita. A Ingila, daga Maris zuwa Oktoba, kusan kowane mako akwai inda ake gasa, kuma a mota za ka je. Suna farawa daga shingen santimita 80 na masu koyo. Mutumin da yake ƙasar da ake yin gasa 'yan kaɗan a shekara, in dokinsa ya yi targaɗe a mako mara kyau, shekararsa ta tafi.

Bayan gasa akwai mutanen da ke kewaye da ita: maƙerin da ke sa wa doki takalmin ƙarfe, likita mai na'urar duba jijiya, masu tsara shinge, masu kiwon duƙushi, da attajiran da ke sayen doki su ba mahayi ya hau. Duk a wuri ɗaya suka taru. Mu da muka san gardi yana barin garinsu ya tafi gabas neman karatu, ba don babu allo a gida ba sai don can malaman suke, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

'Yan Niyuzilan ne suka fi yin suna a wannan ƙaura. Mark Todd, wanda ya ci zinare a 1984 da 1988 a kan wani ɗan gajeren doki mai suna Charisma, a Ingila ya yi mafi yawan aikinsa. Andrew Nicholson ma haka, ya ci Burghley sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014 da doki ɗaya. Tim Price da matarsa Jonelle sun koma can su biyu, a 2018 ita ta ci Badminton, shi ya ci Burghley. Daga ƙasarsu zuwa Turai tafiya ce ta fiye da kwana ɗaya a jirgi. Mutum zai iya jure zirga-zirgar, doki ba zai iya ba, aljihu ma haka.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Japan. A Paris a 2024 tawagarsu ta ci tagulla, lambarsu ta farko a wasan doki cikin shekara 92, tun zinaren da wani hafsansu ya ci a 1932. A lokacin mahayan nan duka a Ingila suke zaune da dawakinsu. Ɗaya daga cikinsu, Kazuma Tomoto, a bargar William Fox-Pitt ya yi koyo. Alex Hua Tian na ƙasar Sin, wanda ya hau Olamfik ta 2008 yana ɗan shekara 18, shi ma a Ingila yake. Fouaad Mirza na Indiya kuwa Jamus ya nufa.

In mutum ya koma wata ƙasa, wa yake wakilta?

Ƙasar da fasfonsa ya nuna. Zama a Ingila bai mai da kai Bature ba. Waɗanda na ambata duk tutar gida suke ɗagawa. Amma akwai masu canjawa. Phillip Dutton ya ci zinare da tawagar Ostareliya a 1996 da 2000, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Amurka, ya ci musu tagulla a Rio a 2016.

Doki ma yana da ƙasa a Olamfik. Dole a cikin masu shi a samu ɗan ƙasar mahayin, kuma a yi rajistar haka tun watan Janairun shekarar gasar. Shi ya sa ƙarshen shekarar da ke gaban Olamfik kasuwar manyan dawaki take zafi.

Akwai 'yan Afirka a ciki?

Akwai, kuma hanyar ɗaya suka bi. Camilla Kruger ta Zimbabuwe ta hau a Rio a 2016, daga Ingila. Victoria Scott-Legendre ta Afirka ta Kudu ta hau a Tokiyo, daga Faransa. Noor Slaoui, 'yar Kasabalanka ta Maroko, ta hau a Paris a 2024, ita ma a Ingila take. Wajen rabon kujerun Olamfik an haɗa Afirka da Gabas ta Tsakiya a rukuni ɗaya, saboda haka ɗan Afirka ba da Jamusawa yake kokawar neman gurbi ba. Amma sakamakon cancanta iri ɗaya ake nema daga kowa, kuma samunsa ne ke kai mutum Turai.

Malam, ni mace ce. Na ga sunayen mata. Gasarsu daban ce?

A'a 'yar'uwa, fili ɗaya, shinge ɗaya, maki ɗaya. Mace ta fara shiga wannan gasa a Olamfik a 1964, kuma a Tokiyo a 2021 Julia Krajewski ta Jamus ta ci zinare a gaban maza. Gimbiya Anne, ƙanwar Sarkin Ingila na yanzu, ta zama zakarar Turai a 1971, 'yarta Zara ta zama zakarar duniya a 2006.

Ga wani abin da zai sa dattawan barga su gyara zama: Krajewski a kan goɗiya ta ci. Jonelle Price ma da goɗiya ta ci Badminton. A nan namiji mai mutunci ba ya hawa goɗiya ya shiga gari, a can kuwa ingarma shi ne baƙo, yawanci fiɗiyayyu ne da goɗiyoyi, domin hankalinsu ya fi tsayawa kan aiki.

Ranka ya daɗe, dokina na sayo shi Maigatari, ba a taɓa wuce shi a sukuwa ba. Zan iya fita da shi?

Allah ya ƙara masa lafiya, amma a'a. Dalilin ba raini ba ne, ciwo ne. Akwai cutar da ake kira ciwon dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da magariba da asuba suke yaɗawa. Tana nan a ƙasashen kudu da Sahara, har da Najeriya. Dawakinmu na gida sun fi jure ta, amma a dokin da bai taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe kusan 9 cikin 10. Turawa sun ɗanɗana. A 1987 ta shiga Sifaniya ta hanyar jakunan dawa da aka kai daga Namibiya, aka yi shekaru ana fama, ga kuma Olamfik ta Basalona ta 1992 tana tafe. Saboda haka ƙofarsu a rufe take ga doki daga yankinmu. Afirka ta Kudu ma, da duk kuɗinta da likitocinta, ta yi shekaru sai ta kai doki tsibirin Morishus ya yi kwana 90 a killace kafin ya wuce Turai. Dokin gasa da ya yi wata uku a tsare, sai an sake gina shi.

Dokar killace doki ta taɓa raba Olamfik gida biyu. A 1956 an yi wasannin a Melbourne, amma na doki aka yi su a Stockholm, saboda Ostareliya ta ƙi sassauta dokarta.

Sannan akwai batun jiki. Dokinmu na arewa gajere ne, mara nauyi, mai jure zafi da ƙishirwa da rashin abinci. Na gasar nan ya fi shi tsayi da kimanin taƙi guda, jinin dawakin tsere na Ingila ne haɗe da na Ayalan, Jamus ko Faransa, an yi zuri'a bayan zuri'a ana zaɓen masu tsalle. Namu zai iya koyon ƙananan shinge da kyau, amma manyan ba nasa ba ne.

Ni fa tun ina ɗan shekara 7 nake hawa. Na yi jahi a gaban Sarki. Me za su koya mini?

Ƙarfin zuciya ba za su koya maka ba, kana da shi. Wanda ya saki doki a guje a ranar hawan Sallah a Hadeja ko Gumel ko Kazaure, cikin ƙura da harbin bindiga, ya tsayar da shi cak a gaban Sarki, ba matsoraci ba ne. Hawan Sallah na Kano ma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2024.

Amma ɗan'uwa, kusan komai na hannunka da zamanka sai an warware. Sirdinmu yana da kwacciya gaba da baya, ya rungume ka. Nasu shafal yake, kai za ka riƙe kanka da cinya da ma'auni, kana tsaye a kan likkafa sama da minti goma. Linzaminmu mai zobe ne, da ɗan ja doki ya durƙusa, shi ya sa muke riƙe shi sako-sako. Nasu mai laushi ne, hannu yana tare da bakin doki koyaushe. Mu muna yabon dokin da ke tabarya yana taƙama, a hawan ladabi wannan laifi ne. In aka ga jini a baki ko a haƙarƙari daga ƙaimi, alƙalai suna da ikon tsayar da kai. Ra'ayina shi ne yaro ɗan shekara 14 da bai ƙware ba ya fi gwanin jahi saurin koyo, don gwanin sai ya yarda ya koma baya, kuma ba kowa ke iyawa ba.

Ana mutuwa a ciki?

Ana yi. Mafi muni shi ne doki ya bugi shinge da gaban ƙafafunsa ya wuntsila ya danne mahayi. A 1999 mahaya 5 suka rasu a Birtaniya a shekara ɗaya. Bayan nan aka fito da ƙusoshi masu karyewa da ke sa shinge ya rushe in an buge shi da ƙarfi. Hular kwano da rigar kare ƙirji dole ne. Haɗarin ya ragu, bai ƙare ba.

Akwai kuɗi a ciki?

Wanda ya ci Badminton yana samun sama da fam 100,000, amma mutum ɗaya ne a shekara, kuma kuɗin na mai doki ne, yadda suka shirya da mahayi. A ƙananan gasa abin da ake ci sau da yawa bai biya kuɗin shiga da man mota ba. Mahayi yana rayuwa ne da horar da dawakin mutane, da koyarwa, da sayen duƙushi ya gyara ya sayar. Da yawa sun sayar da dokin da suka fi so don su biya hayar barga.

Ɗana ya ce wani ejan zai kai shi Ingila aikin doki, in sayar da gonar fadama. Me ka gani?

Baba, kada ka sayar. Bizar ziyara ba ta halatta aiki, duk wanda ya ce a shiga da ita daga baya a gyara, ƙarya yake. Bizar aiki sai wanda zai ɗauke shi yana da lasisin ɗaukar baƙi, kuma gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen masu lasisin a intanet, kowa na iya dubawa. Bizar 'yan wasa kuwa sai hukumar wasan ta can ta shaida cewa mutum ya riga ya kai matsayi. Ka sa yaron ya kawo sunan bargar da takardar ɗaukar aiki, a samu mai ilimi a cikin dangi ya bincika. In ejan ya fara cewa a yi sauri kujera za ta ƙare, ka san amsa.

Ko hanyar ta gaskiya ce, ya san abin da zai tarar. Ba hawa zai fara ba. Kwasar kashin doki ne da asuba, da wanke sirdi, da kitsa geza, cikin sanyin da ruwan bokiti ke daskarewa. A watan Disamba ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi. Barga a ƙauye take, masallaci da naman halal sai an yi tafiya. Manyan mahaya da yawa ta nan suka fara, amma waɗanda suka tsaya a nan har ƙarshe sun fi yawa nesa ba kusa ba. Bargogin Dubai da Katar da Saudiyya ma suna ɗaukar baƙi, sai dai can tsere da dogon zango da tsallen sanduna suka fi ƙarfi, ba hawa uku ba. Mafi kusa, filayen folo na Kano da Kaduna da Katsina suna da dawakin waje da sirdin Turawa. Yaron da ya yi shekara biyu a can ya koyi ɗaure ƙafa da bandeji da gane ciwon ciki da wuri, ya kuma iya Turanci, yana da abin nunawa.

Akwai abin da za mu ɗauka daga wajensu ba tare da mun je ko'ina ba?

Akwai, kuma babu tsada. Na ɗaya, sanyaya doki. Da Turawa ma suna tsoron zuba wa doki mai gumi ruwan sanyi. Binciken da aka yi kafin Olamfik ta Atlanta ta 1996, saboda zafin garin, ya nuna ruwan sanyi mai yawa a duk jiki shi ne mafi saurin sauke zafi, kuma ba ya cutarwa. Mu da muke hawan Sallah wani lokaci cikin bazara, da lifidi da jalala a kan doki tun hantsi, wannan namu ne.

Sai duba ƙafa. Kullum da safe ka shafa hannu daga gwiwa zuwa kofato, ka san yadda take in lafiya, don ka gane zafi ko kumburi ranar da ya fara. Ka sa yaro ya ja doki da sassaka a kan ƙasa mai tauri kana kallo. In yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, ita ce mai ciwo. Kuma dokin da ya wuni a turke wata da watanni yana cin harawa da dusa, ba a fito da shi rana ɗaya a ce ya yi sukuwa. Su suna ɗaukar makonni suna tafiya da sassaka kafin gudu.

In samari suna son gwada tsalle, bayan girbi ne lokaci, a gona mai jigawa da aka share kututturen dawa. A fara da sanda a kwance a ƙasa, sannan a ɗora ta kan tubali yadda za ta faɗo in an taɓa. Ba da linzami mai zobe ba, don duk tsalle za ka caki bakin doki, kuma ba tare da hular kwano ba kada kowa ya hau.

Yaushe ake yi, kuma a ina za mu kalla?

Kentucky a ƙarshen Afrilu, Badminton a Mayu, Luhmühlen a Yuni, Burghley a farkon Satumba, Pau a Oktoba. Hawan daji yawanci ranar Asabar ne. Gasar duniya duk shekara 4 ake yi, ta 2022 a Italiya, ta 2026 kuma birnin Aachen na Jamus aka ba. Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Kallon kai tsaye galibi na biya ne, amma FEI da masu shirya gasannin suna saka zagayen manyan mahaya a YouTube da Facebook kyauta. Agogon Ingila a lokacin zafinsu daidai yake da namu, na Jamus da Faransa ya riga mu da awa ɗaya.